Kula da Inganci a Harkar Gine-gine: Darasi ga Masu Zuba Jari da 'Yan Kwangila

A ƙasar nan da wuya a sami ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa, wanda bai karkatar da wani kaso na ribarsa zuwa gini ba. Daga dillalan kayan gwari na kasuwar Mile 12 a Legas, zuwa fataken goro na Shagamu, da mazauna Sabon Ibadan, da masu canjin kuɗi a Abuja, kowa burinsa shi ne ya mallaki jerin shaguna, ko ɗakin ajiyar kaya, ko gidan haya, ko gidan mai. Dalilin haka a fili yake. Hauhawar farashi kan cinye kuɗin da aka ajiye a banki, amma gini kan riƙe darajarsa, banki kan karɓe shi jingina, kuma magada kan same shi bayan rai ya yi halinsa.

Sai dai gini ba ya cika waɗannan amfanoni sai in an yi shi bisa ƙa'ida. Wannan darasi zai yi bayani ne a kan abin da masana ke kira kula da inganci, wato tsarin da ake bi tun daga gwajin ƙasa har zuwa miƙa makulli, don a tabbatar cewa abin da aka gina shi ne abin da aka zana, kuma abin da aka zana zai iya ɗaukar nauyin da za a ɗora masa. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, kowane irin kaya ana iya duba shi bayan an saya a mayar in bai yi ba, amma ban da gini. Da zarar kankare ya sandare a kan rodi, to, ya rufe gaskiya ko ƙaryar da ke ciki. Shi ya sa Hausawa suka ce tun ran gini, ran zane.

Ma'anar inganci

Jama'a da yawa sun ɗauka ginin da ya sha tayil da gilashi da fenti mai sheƙi shi ne gini mai inganci. A wurin masana kuwa, inganci shi ne cika sharuɗɗan da aka gindaya wa aiki, da kuma dacewarsa da amfanin da aka yi shi dominsa. Ɗakin ajiyar hatsi mara ado, wanda daɓensa ke ɗaukar buhunan da aka tsara masa kuma rufinsa ba ya yoyo, ya fi inganci a kan otal mai ƙyalli wanda ginshiƙansa ba su sami rodin da ya kamata ba.

Wannan damuwa tsohuwa ce. Dokokin Sarki Hamurabi na Babila, waɗanda aka rubuta kimanin shekaru 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, sun tanadi hukuncin kisa ga maginin da gidan da ya gina ya rushe ya kashe mai shi. A ƙasar Hausa ma akwai sarautar Sarkin Magina, wanda ke lura da masu sana'ar, kuma yaro kan shafe shekaru yana kwaɓa ƙasa da jefa tubali kafin a yarda ya ɗora azara. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a wajejen shekarun 1830, har yau masana gine-gine na nazarin bakunansa. Abin da ya tsare ingancin aiki a wancan zamani shi ne an san magini, an san gidansu, kuma in aikinsa ya zube sunansa ya zube tare da shi.

A zamanin yau da aiki ɗaya kan haɗa ɗaruruwan mutanen da ba su san juna ba, sai aka mayar da abin rubutaccen tsari. Wani masani ɗan Amurka mai suna Edwards Deming ya koya wa shugabannin masana'antun Japan a 1950 cewa duba kaya a ƙarshen aiki ba ya ƙara musu inganci, iyakarsa ya nuna ɓarnar da ta riga ta auku, don haka a cikin aikin kansa ake shigar da inganci. Hanyar da ta shahara da sunansa matakai huɗu ce da ake maimaitawa: a tsara, a aiwatar, a duba, a gyara. A 1987 ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da jerin ƙa'idojin ISO 9000, waɗanda aka sake yi wa kwaskwarima a 1994 da 2000 da 2008 da 2015. Ƙa'idojin suna buƙatar kamfani ya rubuta yadda yake aiki, ya yi aiki yadda ya rubuta, sannan ya adana shaidar cewa ya yi hakan.

Abin da sakaci ya jawo

Ranar 12 ga Satumba, 2014, masaukin baƙi na majami'ar Synagogue da ke Ikotun a Legas ya rufta, inda mutum 116 suka mutu, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu. Binciken shari'a da aka kammala a 2015 ya danganta ruftawar da raunin ginin kansa, ya kuma gano cewa ba a sami izinin hukuma ba kafin a yi shi. A watan Maris na 2016 wani bene da ake ginawa a Lekki ya hallaka fiye da mutum 30. A watan Maris na 2019 wani bene mai ɗauke da makaranta a Ita Faji, cikin tsibirin Legas, ya rufta da mutane, aka rasa rayuka 20. Ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin wata makaranta a unguwar Busa Buji ta Jos ya faɗa wa ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka riga mu gidan gaskiya.

Wanda ya fi dacewa 'yan kasuwa su yi nazari a kansa shi ne bene mai hawa 21 da ya ruguje a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021. Wannan aiki ne na masu hannu da shuni, a unguwar da ta fi kowace tsadar fili a Legas, kuma an yi ta tallar gidajen da ke cikinsa da dalar Amurka. Fiye da mutum 40 ne suka mutu, har da mai ginin kansa. Bayan aukuwar lamarin jaridu sun buga wata wasiƙa ta watan Fabrairun 2020, wadda kamfanin injiniyoyin da ke ba da shawara ya rubuta yana janye hannunsa daga aikin, inda ya ambaci cewa ba a ba shi sakamakon gwajin ƙarfin kankaren da ake zubawa ba. Ke nan an yi gargaɗi wata 20 kafin ginin ya faɗi. Kuɗin gwajin da ake magana a kansa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da biliyoyin Naira da suka koma ɓaraguzai.

Irin wannan ya faru a ƙasar Bangaladesh ranar 24 ga Afrilu, 2013, sa'ad da ginin Rana Plaza mai ɗauke da masana'antun ɗinki ya rushe, ya kashe fiye da mutum 1,100. An ƙara wa ginin hawa ba bisa izini ba, an ɗora masa injuna masu nauyi, kuma an ga tsaga a jikinsa kwana ɗaya kafin ya faɗi, amma aka umurci ma'aikata su koma bakin aiki. A duk waɗannan misalai, gini bai faɗi a ranar da ya faɗi ba sai don abin da aka yi ko aka ƙi yi watanni ko shekaru kafin nan.

Lissafin riba da asara

Masana harkokin kasuwanci sun kasa kuɗin da inganci ke ci gida huɗu. Na farko kuɗin rigakafi, kamar gwajin ƙasa, da ladan masu zane, da horar da ma'aikata. Na biyu kuɗin dubawa, kamar gwajin kankare da rodi da albashin mai sa ido. Na uku kuɗin gyaran kuskuren da aka gano kafin a miƙa aiki, kamar fasa ginshiƙin da ya karkace a sake zubawa. Na huɗu asarar da ke biyo baya bayan an shiga ginin, wadda ta haɗa da yoyo, da tsagewar bango, da gudun 'yan haya, da shari'a, da diyya, da rushewa baki ɗaya. Kashi biyu na farko mai gini ne ke zaɓen ya biya, kuma ya san adadinsu tun farko. Kashi biyu na ƙarshe kuwa su suke zaɓen ranar da za su zo, kuma babu mai iya faɗin iyakarsu.

Bari mu ɗauki misali don sauƙin fahimta. A ce wani ɗan kasuwa zai gina rukunin shaguna a kan Naira miliyan 300, yana sa ran karɓar hayar miliyan 30 a shekara. A ce gwajin ƙasa da na kaya da ladan injiniya mai sa ido za su ci kashi 5 cikin 100, wato miliyan 15, sai ya ga kuɗin sun yi yawa ya tsallake su. Idan daga baya bim ya tsage, hukuma ta rufe wurin na wata shida, to hayar da ya rasa kaɗai ta kai miliyan 15 ɗin da ya yi tattali, ba a zo maganar kuɗin gyara ba, da ruwan bashin banki da ke ci gaba da hawa, da faɗuwar darajar ginin a idon masu saye. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan lissafi ita ce, kuskure kan ƙara tsada gwargwadon jinkirin gano shi. Kuskuren da aka gano a kan takarda, gogewa kawai za a yi a sake zanawa. Wanda aka gano bayan an ɗaure rodi, aikin yini ɗaya ne. Wanda aka gano bayan an zuba kankare, sai an kawo guduma da sabon siminti. Wanda ba a gano ba sai da mutane suka tare, wani lokaci da rai ake biyansa.

Me ya sa ake ha'inci?

Tun da inganci ya fi riba, me ya sa ake yawan kauce masa? Ilimin tattalin arziki yana da amsa. A 1970 wani masani mai suna George Akerlof, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001, ya yi nazarin kasuwar tsofaffin motoci, inda ya nuna cewa matuƙar mai saye ba zai iya bambance mota mai lafiya da mai ɓoyayyen ciwo ba, to ba zai yarda ya biya kuɗin mai lafiya ba, kuma a hankali masu kaya nagari za su janye su bar kasuwar ga masu algus. Duk wanda ya taɓa sayen motar Kwatano ya san wannan magana. Harkar gini ta fi ta mota ɓuya, domin bayan an yi yaɓe an shafa fenti, ginshiƙi mai rodi shida da mai rodi huɗu kamarsu ɗaya.

Wannan ne ya sa ba da kwangila ga wanda ya fi kowa araha yake da haɗari. Idan 'yan kwangila huɗu suka kawo farashi mai kusanci da juna, na biyar ya zo da ragin kashi ɗaya cikin uku, to tilas a tambaye shi inda zai samo ragin, tun da kasuwa ɗaya suke sayen siminti da rodi. Sau da yawa daga cikin ginin zai cire shi. Araha dai ba ta ado.

Tashin farashi ma na taka rawa. A farkon 2024 buhun siminti, wanda ake sayarwa Naira dubu biyar da 'yan kai a ƙarshen 2023, ya haura Naira dubu goma a wasu garuruwa, kuma hauhawar farashi a ƙasar ta wuce kashi 30 cikin 100 a wannan shekara. Ɗan kwangilar da ya sa hannu a kan tsayayyen farashi kafin tashin, kuma mai aiki ya ƙi duba halin da ya shiga, ko ya riƙe masa kuɗi wata da watanni, zai shiga jarrabawar rage siminti don ya tsira da jarinsa. Saboda haka yarjejeniya mai kyau kan ƙunshi sharaɗin sauyin farashin kaya, tare da lokacin biya tabbatacce. Mai aikin da ke matse ɗan kwangila fiye da kima, ginin kansa yake matsewa.

Matakan tabbatar da inganci

Mataki na farko shi ne gwajin ƙasa. Ƙasar Nijeriya ba iri ɗaya ba ce. A Lekki da Ikoyi da yankin Neja Delta, ƙasar sama taɓo ce ko yashin da aka cike fadama da shi, don haka manyan benaye kan buƙaci a kafa turakun kankare masu zurfi har su tarar da ƙasa mai ƙarfi. A wasu sassa na arewa maso gabas akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, wadda ke ɗaga harsashin gini ta sauke shi har bango ya dare. Kwaikwayon harsashin maƙwabci ba tare da gwaji ba caca ce, domin fili biyu da ke jere na iya bambanta a ƙarƙashi.

Mataki na biyu shi ne zane da izini. Mai zanen gini shi ke tsara ɗakuna da fasali, amma injiniyan ƙarfin gini ne ke lissafa kaurin ginshiƙi da yawan rodi da faɗin harsashi, kuma aikin ɗaya ba ya maye gurbin na ɗayan. Babban laifin da ake tafkawa a nan shi ne ƙarin hawa bayan an gama zane. Mita ɗaya ta kowace fuska ta kankare tana da nauyin kilo kusan 2,400. Ke nan daɓen bene mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 da kaurin santimita 15 ya kai tan 36, ba a sa nauyin bulo da tankin ruwa da kaya da mutane ba. Wanda ya ɗora wannan a kan harsashin da aka lissafa wa hawa biyu, saboda kawai ciniki ya yi kyau a bana, ya san abin da ya aikata. Haka nan mayar da gidan kwana ya zama makaranta ko ɗakin ajiyar buhuna sauya nauyi ne, kuma yana buƙatar sabon lissafi.

Mataki na uku shi ne tantance kaya. Simintin da ke kasuwa aji-aji ne, akwai mai lamba 32.5 da 42.5 da 52.5, kuma lambar tana nuna ƙarfinsa bayan kwana 28. Injiniya ne zai faɗi wanda ya dace da kowane sashe na aiki. Siminti kuma ba ya son ajiya, musamman a wuri mai laima, kuma wanda ya fara dunƙulewa ya rasa ƙarfinsa. Ƙasar nan ta ga haka a 1975, lokacin da aka yi odar miliyoyin tan na siminti daga waje, ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni, har siminti mai yawa ya lalace a cikinsu.

Rodi kuwa da awo ake gane gaskiyarsa. Rodi mai kaurin milimita 12 da tsawon mita 12 ya kamata ya yi nauyin kilo 10 da rabi da ɗan ɗoriya, mai milimita 16 kuma kusan kilo 19. Idan aka sayar wa mutum mai milimita 11 da sunan 12, ƙarfen da ke ciki ya ragu da kashi 16 cikin 100, idan kuwa mai milimita 10 ne, ragin ya kai kashi 30. Ido ba ya saurin kama wannan bambanci, amma sikeli yana kamawa. Ban da nauyi, ana yanka guntaye a kai ɗakin gwaji a ja su da inji don a san ƙarfinsu. Yashi ma sai an duba, domin mai laka yana raunana kankare, kuma yashin teku da ba a wanke ba gishirinsa na cinye rodi da tsatsa, abin da ya kamata masu gini a Legas da Fatakwal da Kalaba su kiyaye. Shi kuwa bulo, duk wanda ya marmashe a hannu ko ya tarwatse in an sake shi daga tsayin ƙugu, an yi masa rowar siminti.

Mataki na huɗu shi ne sa ido a ranar zuba kankare, domin a wannan rana ce aka fi yin ɓarna. Haɗin da aka saba ji, wato kwano ɗaya na siminti da biyu na yashi da huɗu na tsakuwa, ba shi ne na kowane aiki ba, kuma ko an rubuta shi, lebura na iya ƙara yashi in ba mai kallo. Ruwa ma da ƙa'idarsa, kimanin lita 25 ga buhu mai kilo 50 a aikin yau da kullum. Ma'aikata kan so su ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin zubawa, alhali yawan ruwa na rage ƙarfin kankare ƙwarai. Kafin a zuba, dole injiniya ya ƙirga rodin da aka ɗaure ya sa hannu, ya kuma tabbatar an bar tazara tsakanin rodi da katako don kankare ya lulluɓe ƙarfen. A lokacin zubawa ana ɗibar samfuri a cikin 'yan akwatuna masu faɗin santimita 15, a murƙushe wasu da inji bayan kwana 7, sauran bayan kwana 28. Na kwana 7 kan kai kimanin kashi biyu cikin uku na cikakken ƙarfi, don haka yana ba da gargaɗi da wuri kafin a ɗora wani hawa.

Bayan zubawa sai shayarwa. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce ke sandarar da shi a hankali, don haka yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, musamman a lokacin zafi da hunturu da iska ke saurin tsotse laima. Haka kuma ba a cire katako da sandunan da ke tallafe da daɓen bene sai injiniya ya ba da izini, abin da kan ɗauki mako biyu zuwa uku. Gaggawar cire su don a kai wani wurin aiki ta sha rufta benaye.

Mataki na biyar shi ne adana takardu. Kowane sakamakon gwaji, da kowane sauyi da aka yi wa zane, da sunan wanda ya amince da shi, a rubuta a ajiye. Waɗannan takardu su ne shaidar mai gini a gaban banki da kamfanin inshora da kotu, kuma su ne za su bambanta gininsa da na wasu a ranar da zai sayar.

Hukumomi da dokoki

Nijeriya ba ta rasa dokoki a wannan fanni ba. An kafa hukumar rajistar masu zanen gini, wato ARCON, a 1969, da ta injiniyoyi, wato COREN, a 1970, da ta masu ƙididdigar kayan gini a 1986, da ta ƙwararrun magina, wato CORBON, a 1989. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke fitar da ma'aunin siminti da rodi da bulo. Akwai kuma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa da aka kafa a 1978. A 2006 aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta yi wa benen da ya wuce hawa biyu inshora tun ana cikin gina shi, kuma sabuwar dokar inshora ta 2025 da ta maye gurbinta ta ci gaba da wajabta inshorar gine-gine.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen aiwatarwa. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Saboda haka ƙarfin kundin ƙa'idojin na ƙasa ya dogara ne ga yadda kowace jiha ta karɓe shi ta sa shi cikin dokarta. Jihar Legas tana da hukumar kula da gine-gine ta musamman da ɗakin gwajin kayan gini, Abuja tana da sashen kula da bunƙasar birni, Kano kuma tana da hukumar tsara birane. Amma jami'an dubawa ba su kai yawan gine-ginen da ke tashi kullum ba, kuma takardar izinin da aka samu ta bayan fage ba ta ƙara wa ginshiƙi ƙarfi ko kaɗan. Gyara a nan ya rataya ne a wuyan gwamnatocin jihohi, ta hanyar ɗaukar ƙwararrun masu dubawa da kuma hukunta duk wanda bincike ya kama, komai girmansa.

Abin da ya rage ga mai gini

Duk da haka, mutumin da ya fi kowa iko a kan ingancin gini shi ne mai biyan kuɗi. Shi ke zaɓen ma'aikata, shi ke tsayar da lokaci, kuma shi ke cewa a ci gaba ko a dakata. Saboda haka ya kamata ya nemi lambar rajistar duk wanda ya kira kansa injiniya, ya kuma tabbatar da ita a wurin hukumar da ta bayar. Ya je da ƙafarsa ya ga ayyukan da ɗan kwangila ya yi shekaru biyar da suka wuce, ya tambayi masu su. Ya raba mai yin aiki da mai duba aiki, ya kuma biya mai dubawa daga aljihunsa kai tsaye, domin wanda ɗan kwangila ke ciyarwa ba zai ƙi aikin ɗan kwangila ba. Ya ɗaure biyan kuɗi da matakan aiki, ta yadda ba za a saki kuɗin wani mataki ba sai sakamakon gwajin na baya ya fito. Ya kuma riƙe wani kaso, wanda a al'ada kan kasance kashi 5 cikin 100, har tsawon wata shida ko shekara bayan kammalawa, don gyaran duk aibin da damina za ta tona.

Ga 'yan kwangila kuma, kula da inganci jari ne. Gadar Third Mainland da ke Legas, mai tsawon kilomita kusan 12, an buɗe ta a 1990, kuma gidan Cocoa House na Ibadan yana tsaye tun 1965. Irin waɗannan ayyuka su ke yi wa kamfani talla shekara da shekaru ba tare da ya biya ko kwabo ba. Ƙaramin ɗan kwangilar da ke son ya kai ga manyan ayyukan gwamnati da na bankuna da kamfanonin mai, zai tarar cewa abin da ake fara tambaya shi ne tarihin ayyukansa da rubutaccen tsarinsa na kula da inganci. Wannan tsari kuwa ana iya fara shi da littafi ɗaya da ake rubuta aikin kowace rana, da sikelin auna rodi, da horar da birkiloli da kafintoci, da ba shugaban ma'aikata ikon tsayar da aiki in ya ga ba daidai ba.

Daga ƙarshe, muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa, musamman waɗanda ke haɗa kuɗi don gina rumfuna da masallatai da makarantu a kasuwanni da unguwannin baƙi, da su sanya kuɗin gwaji da na injiniya a cikin kasafinsu tun ranar farko, kamar yadda suke sanya kuɗin siminti. Bankuna da kamfanonin inshora su ma su riƙa neman sakamakon gwaji kafin su saki bashi ko su karɓi gini. Ranar da takardar gwaji ta zama abin da mai saye da ɗan haya ke tambaya kafin su biya, a ranar ce ha'inci zai daina riba a harkar gine-gine.